Ɗumi a Ɗaki, Hayaƙi a Waje: Sharhi Kan Gadon Ƙasa da Kaskon Wuta

 

Ɗari ya sauka. Daga Tarai zuwa Kibiya, daga Fammar da Durba har cikin garin Rano, an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, hazo ya rufe duwatsu. A watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi a ƙasar Kano yakan sauko kusan digiri 13 da asuba, wani lokaci ma ƙasa da haka. Manoman alkama na Kadawa da Bunkure, masu shan ruwan madatsar Tiga, murna suke yi, domin sanyin nan shi alkama ke so. Amma tsoho mai ciwon gwiwa, da maijego, da jaririn da ko suna ba a yi ba, su ɗumi suke nema. A neman ɗumin nan ne ake shigar da wuta ɗakin kwana, kuma a nan ne sharhinmu na yau zai tsaya.

Maganar guda ɗaya ce. Duk abin da ke ɗumama ɗaki, aikinsa ya ba mu zafi ya hana mu hayaƙi. Ranar da ya kasa raba waɗannan biyu, ya lalace, ko da kuwa ɗakin ya yi ɗumi har ana gumi. Kuma lalacewar tana da alamomin da kowane maigida da kowace uwargida za su iya ganewa, in an san inda za a duba.

Bari mu fara da abin da muka gada. Tun kafin katifa da gadon ƙarfe, maginan ƙasar Hausa suna gina gadon ƙasa: dandamali ne a jikin bango, cikinsa rami, da ɗan baki a gefe inda ake zuba garwashi ko a hura ƙirare. Wuta ta gasa ƙasar daga ƙarƙashi, ƙasar ta sha zafi a hankali, ta kuma riƙa sakinsa a hankali har gari ya waye. Hikimar ke nan: ƙasa tana riƙe zafi bayan wuta ta mutu. Ku riƙe wannan, domin a kansa duk gyaran ya dogara.

Ba mu kaɗai muka san wannan dabara ba. Rumawa na dā suna ɗora daɓen gidajen wankansu a kan gajerun ginshiƙai, iska mai zafi ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi. Mutanen arewacin Sin suna da gadon tubali da suke kira kang, wanda har yau ana kwana a kansa a ƙauyuka. Mutanen Koriya kuwa daɓen ɗakin gaba ɗaya suke ɗumamawa, su ce masa ondol, kuma a shekarar 2018 Koriya ta Kudu ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiyar da hukuma ke karewa. Bambancin nasu da namu yana wuri biyu. Na farko, bakin wutar ondol yana madafa ko bayan bango, ba cikin ɗakin kwana ba. Na biyu, hayaƙin yana bin hanyoyi ta ƙarƙashin faffaɗan duwatsu ya fice ta bututu a ɗaya gefen gidan. Namu kuwa, yadda aka fi gina shi, bakinsa yana cikin ɗaki, kuma ba shi da bututu.

Duk da wannan tsari nasu, Koriyawa sun sha wuya. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980, lokacin da birane suka koma amfani da curin kwal maimakon itace, iskar guba ta riƙa bi ta tsagar daɓe tana kashe mutane cikin barci, duk lokacin sanyi. Abin ya ragu ne da suka daina tura hayaƙi ƙarƙashin daɓe, suka koma tura ruwan zafi ta cikin bututu. Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, yaya ake gano ciwon gadon ƙasa? Da farko a zaɓi lokaci. Da hantsi ake dubawa, ƙofa a buɗe, taga a buɗe, yara a waje. Ba a gwajin gado da dare, kuma ba a gwada shi da mutum a kwance a kai.

Alama ta farko: an sa wuta amma gado ya ƙi ɗumi, ko sai can tsakar dare yake ɗauka. Kafin a ce magini bai iya ba, a leƙa ramin da tocila. Sau da yawa tokar bara ce ta cika shi, ta danne garwashi, ta hana iska shiga. A kwashe ta da tsohon kwano ko fartanya, kada a zura hannu, domin ramin da ya yi watanni ba wuta masaukin kunama ne, wani lokaci har da maciji. In rami a share yake, to a dubi danshi. Gadon da ya sha laimar damina ta jikin bango, duk zafin da aka ba shi wajen busar da ruwan nan zai tafi. Maganinsa 'yar wuta kaɗan-kaɗan na wasu kwanaki da rana, har ƙasar ta bushe. Wanda ya yi gaggawa ya narka masa wuta, fasa shi zai yi. Sai kuma makamashi: ɗanyen itace hayaƙi yake bayarwa ba zafi ba. Leda da tsohuwar taya da tsumma kuwa, ko kusa da ɗakin kwana kada su zo.

Alama ta biyu: gefe guda yana ƙuna, ɗaya gefen sanyi ƙalau. Wani lokaci garwashi ne aka tara wuri guda, baza shi kawai ake bukata. In an baza bai gyaru ba, to akwai abu biyu. Ko dai ƙasa ta rufta a ciki ta tare hanya, aikin gara ko ɓera, ko kuma saman gadon ya zaizaye a wani wuri har ya yi siriri, wuta na dukansa kai tsaye. A ƙwanƙwasa saman da ɗan itace, wurin da ya yi siriri amonsa daban yake. Wannan wuri a ƙara masa ƙasa, kada a lulluɓe shi da tabarma biyu a ce an yi magani.

A nan akwai abin da ya kamata kowace kaka da kowace ungozoma ta sani. Ba sai abu ya yi zafin da za a zabura ba yake ƙona mutum. Likitoci sun tabbatar cewa zafin digiri 44, wanda babba zai iya jurewa, in ya daɗe kamar sa'o'i shida a wuri guda a jikin fata, yana iya ƙona ta. Fatar jariri ta fi ta babba laushi, kuma ba zai iya juyawa da kansa ba. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi, da tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, su ma haka. A ƙasashen Turai, ƙa'idar masu shimfiɗa ɗumin ƙarƙashin daɓe ita ce saman daɓen ɗakin zama kada ya wuce digiri 29. Mu da ba mu da ma'auni, a ɗora bayan hannu ko cikin damtse a kan gadon, a bar shi ya jima. In har ana son janyewa, bai kai a kwantar da kowa ba. Mai farfaɗiya kuma, don Allah, kada a bar shi shi kaɗai da wuta a ɗaki.

Alama ta uku: tsaga. Wata ana ganinta da ido, wata sai an nema. Baƙin zane a kan yaɓe ko a ƙasan tabarma shaida ce cewa hayaƙi na fita ta wurin. Ga gwaji mai sauƙi: a hura 'yar wuta a ramin, a ɗora ɗanyen ganye don ta yi hayaƙi sosai, a ɗan kare bakin da murfi, sannan a bi saman gadon da mahaɗarsa da bango ana haskawa da tocila. Duk inda hayaƙi ya ɓullo, a shata da gawayi. Bayan wuta ta mutu gado ya huce, a ɗan faɗaɗa tsagar, a jiƙa ta, a cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita, mai gauraye da ciyawa ko ƙaiƙayi, a shafe, a bar ta ta bushe da kanta, a sake gwaji. Liƙa siminti a kan ƙasar da ke shan wuta ba ya ɗorewa, domin in sun yi zafi ba tare suke buɗewa ba, in sun huce ba tare suke tsukewa ba, ba da jimawa ba zai ɓanɓare. Katifar soso kuwa ba ta da hurumi a kan gadon wuta: tana tare ɗumin, kuma in ta kama, hayaƙinta kaɗai ya isa ya halaka mutum.

Alama ta huɗu ita ce mafi haɗari, kuma ba a jikin gado take bayyana ba, a jikin mutane take. An tashi da safe kowa na ɗakin kansa na sarawa, ana jiri, ana tashin zuciya, jiki ya mutu. An fito tsakar gida an sha iska, sai a ji dama-dama. Gobe ma haka. Jama'a, wannan ba mura ba ce. Iskar guba ce da ake kira kabon monoksaid, wadda wuta ke fitarwa idan ba ta samun isasshiyar iska. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana kama jinin mutum fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau fiye da 200, don haka jini na zagayawa amma ƙwaƙwalwa da zuciya na shaƙewa. Mai barci ba ya farkawa ya gudu, barcin ne ke ƙara nauyi.

Akwai maganar da muka saba ji: "Ai garwashin ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, shigar da shi." Wannan magana ta jawo asarar rayuka. Gawayi yana fitar da wannan iska ko da ido bai ga hayaƙi ba, har sai ya mutu murus.

Wani zai ce, ai kakanninmu sun kwana da wuta ba su mutu ba. Amsar tana cikin ɗakin, ba cikin wutar ba. Ɗakin jinka yana numfashi: hayaƙi na ratsa ciyawa ya fice, ƙofa asabari ce, iska na shiga ta ko'ina. Ɗakin yau bulo ne da filasta, rufin kwano da silin, ƙofar ƙarfe, tagar gilashi, sannan saboda ƙurar hunturu a toshe 'yar kafar da ta rage da tsumma. Mun canja ɗaki, ba mu canja yadda muke shigar da wuta ba. Shi ya sa abin da zan faɗa ya shafi gadon ƙasa, ya shafi kasko da kurfoti, ya kuma shafi janaretan da ake kunnawa a baranda ko a zaure kusa da taga saboda tsoron ɓarayi.

In aka tarar da mutanen ɗaki sun galabaita ko sun suma, ga abin yi. A buɗe ƙofa da taga, a fito da su sarari nan take, a fitar da wutar. Wanda ba ya cikin hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja ko jiƙo, domin zai iya shaƙewa, kuma ba su ne maganin ba. Maganin iskar oksijin ce, a asibiti take. A nemi mota zuwa asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Rano, in abin ya yi tsanani a wuce Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A faɗa wa likita cewa da wuta aka kwana, domin alamomin suna kama da na zazzaɓi. Mai juna biyu a kai ta ko da ta ce ta warware, saboda abin da ke cikinta ya fi ta jin jiki. Kuma kafin a fara zargin abincin dare, ko kishiya, ko iskokai, a fara tambaya: akwai wuta a ɗakin? Tambayar nan tana ceton rai, tana kuma ceton zumunci.

Ko hayaƙin da ba ya kisa a dare ɗaya yana da nasa lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Tarin da yaro ke fama da shi duk hunturu, ba koyaushe sanyi ne ke kawo shi ba.

Yanzu ga batun maijego, domin ita ce aka fi hura wa gadon ƙasa. Niyyar iyayenmu mata kyakkyawa ce: kada sanyi ya shige ta. Wankan jego safe da yamma, kunun kanwa, kwanciya kan gado mai zafi har arba'in. A Zariya, wasu likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun danganta yawan ciwon da gishirin kanwa da kuma zafin da ake ɗora wa jiki. Daga baya, binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wanda aka wallafa a 2020, ya fi nuna yatsa ga rama da hawan jinin masu ciki da ƙarancin hali, fiye da al'adun jego. Masana na ci gaba da nazari. Amma abin da ba a gardama a kai shi ne: maijegon da ƙafarta ta kumbura, numfashi ke yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, ba ƙarin wuta take bukata ba. Asibiti take bukata, a ranar. Inna, Hajiya, Gwaggo, ku ne ke ɗakin, idonku ne zai fara gani.

Shi kuwa jariri, ɗumin da ya fi masa shi ne jikin mahaifiyarsa. A ɗora shi a ƙirjinta fata da fata, a sa masa hula da safa, a lulluɓe su tare. Wannan dabara an fara ta a asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 domin bakwaini, yau kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da ita a ko'ina. Ba ta ƙuna, ba ta hayaƙi, ba ta cin ko kwabo.

Ga 'yan'uwanmu da karatu ko neman halal ya kai Ingila ko Jamus ko Koriya, inda ake shimfiɗa bututun ruwan zafi ko wayar lantarki a ƙarƙashin daɓe, tsarin binciken bai bambanta ba, daga mai sauƙi ake farawa. In daɓe bai yi ɗumi ba, a duba na'urar daidaita zafi da ke bango, da batirinta, da makunnin wuta. A tuna daɓen kankare yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ɗumama. In ɗaki guda ne ya yi sanyi, galibi iska ce ta maƙale a bututu ko bawul ɗin ɗakin ya ƙi buɗewa. In gidan duka ne, a dubi famfon da ke tura ruwan da tukunyar da ke dafa shi. In allurar matsin ruwa na ta sauka bayan an cika, ruwa na zuba a wani wuri. Kafet mai kauri na tare ɗumi, ƙusa guda kuma na iya huda bututu ko ta yanke waya. Abin da ya shafi gas da lantarki a bar wa mai lasisi. A can, ƙaramar na'ura mai batir da ke kururuwa in ta shaƙi iskar guba abu ce ta yau da kullum. Wanda zai aiko da tsaraba gida, ya sa ta a ciki.

Mu dawo gida. Mene ne abin yi a Tarai da maƙwabtanta cikin wannan hunturu?

Mai gadon ƙasa, ka hura shi tun da la'asar, ƙofa a buɗe. Kafin a kwanta a kwashe garwashin kaf, a fitar da shi waje a kashe. Ƙasar ta riga ta sha zafi, za ta kai ku asuba. Mai kasko, a ji ɗumi a yi hira, in barci ya zo kasko ya fita. A bar kafar iska a sama ko da ana sanyin muku-muku, a ƙara bargo maimakon ƙara gawayi. Janareta ya yi nesa da taga da ƙofa. Hitar dafa ruwa a cire ta daga soket da zarar an ɗauke wuta, domin Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ba ta gajiya da gargaɗi a kan wannan duk shekara.

Maginanmu kuma, ga ƙalubale gare ku. Tun ran gini, ran zane. In za a gina sabon gadon ƙasa, me zai hana a fitar da bakinsa bayan bango, a yi masa bututun hayaƙi da zai zarce rufi, a shafe cikin ɗaki ba tsaga ko ɗaya? Ƙasa muna da ita, gwaninta kuna da ita. Mai irin wannan gado aikinsa shi ne duba bututun duk farkon sanyi, domin zanzaro da tsuntsu ba sa barin rami a banza, kuma bututun da ya toshe hayaƙi yake mayarwa ɗaki.

Masu unguwanni da dagatai, limaman Juma'a, malaman makarantun allo da almajiransu ke kwana a zaure suna jin ɗumi, ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi masu awon ciki: magana ɗaya daga bakinku ta fi sharhi goma a rediyo. Ku faɗa wa jama'a cewa ciwon kan da ya kama 'yan ɗaki gaba ɗaya gargaɗi ne, kuma wuta ba ta kwana da mutum a rufaffen ɗaki.

Gobe da hantsi, maigida, ɗauki tocila ka shiga ɗakin tsohuwa da na maijego. Ka duba rami, ka duba tsaga, ka duba mafitar iska, ka tambaye su yadda suka tashi. Abin da ka gani ka gyara shi kafin magariba.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da ƙuna, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa mu ga ƙarshen sanyin nan lafiya.